Faifan da Joshuwa ya aiko daga Fatakwal

Duk wanda ya taɓa kai takarda a buga masa a bakin titin Bompai wajen 2008 ya san Tabita, ko da bai san sunanta na yanka ba. Maman Rut ake ce mata. Shagonta wata shuɗiyar kwantena ce, tsakanin rumfar Malam Isyaku mai walda da wata mai sayar da shinkafa da wake. Ni a lokacin ina aiki a ofishin wani kamfanin roba da ke kusa, duk ranar da firintarmu ta ƙi, wurinta ake tura ni. A haka muka saba. Labarinta kuwa, wani daga bakinta na ji, wani na gani da idona.

'Yar Zonkwa ce. Ta zo Kano tana budurwa da takardar shaidar koyon tafireta, ta samu aiki a ofishin wani kamfanin alewa. A coci ta haɗu da Joshuwa, mutumin Pankshin, mai gyaran wuta a wata masaƙa a Sharaɗa. Suka yi aure, suka kama ciki da falo a Dakata, Allah ya ba su 'ya mace. Takan ce a wancan zamani da jiniyar kamfanoni suke tashi. Joshuwa ya hau keke ya ratsa gari zuwa Sharaɗa, ita kuma ta taka da ƙafa cikin ayarin ma'aikata, ƙamshin sukari yana tarye ta tun daga nesa.

Sai kamfanoni suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. A 2005 aka sa wa masaƙar su Joshuwa kwaɗo. Shekara na zagayowa aka rage ma'aikata a kamfanin alewa, sunan Tabita yana ciki.

Joshuwa ba ya iya zama hannu rabbana. Da aka yi gwanjon kayan ofis na masaƙar, ya ɗauko wata tsohuwar kwamfuta ya kawo gida. Bairos ya cinye ta, da ƙyar take buɗewa. A wani kafe na intanet ya ji labarin Linux, manhajar da ba a sayarwa, wadda kowa zai iya kwafa ya ba wani, ya kuma gyara ta yadda yake so. Ya rubuta sunansa da adireshin cocinsu a intanet, aka ce za a aiko masa da faifai kyauta. Har ya fid da rai, sai ga ambulan daga Turai. Irin Linux ɗin da ya samu sunansa Kubuntu, kuma abin da mutum yake gani a allon, wato maɓallai da jerin manhajoji da inda ake jera kaya, shi ake kira KDE.

"Linux shi ne injin motar," in ji shi yana yi mata bayani. "KDE kuma nan ne direba yake zama. Ke ba ruwanki da inji."

Da wannan kwamfuta ya buɗe mata shago. Shi kuma ya ringa bin gidaje yana gyaran fanka da wayoyin wuta, amma abin bai isa ba. A 2007 wani tsohon abokin aikinsa ya samo masa aiki a Fatakwal. Ranar Lahadin da zai tafi washegarinta, suna tasowa daga coci ya karɓi makullin shago, ya wuni gaban kwamfutar. Da ta kai masa abinci, ta tarar ya sa hoton duwatsun bayan gidan mahaifinsa ya cika allon, ya jera mata 'yan alamomi daga sama zuwa ƙasa, kowacce ya sauya mata suna da Hausa. Ta farko ya rubuta "Nan ake rubutu". Ta biyu "Takardun mutane". Akwai "Waƙoƙinki". Can ƙasa a lungu kuma akwai wata baƙa da ya sa wa suna "Maman Rut, kar ki taɓa".

"Idan na taɓa fa?"

"Sai na dawo daga Fatakwal na gyara."

"To kuwa gobe zan taɓa," in ji ta. Suka yi dariya, amma ranar babu wanda ya cinye abincinsa.

Fiye da shekara tana kunna kwamfutar kowace safiya tana tarar da rubutunsa yadda ya bar shi. Ko alama ɗaya ba ta taɓa matsarwa ba. Wata rana hannuna ya buge mawus, wata alama ta ɗan goce daga layi, ta karɓe da sauri ta mayar da ita, sannan ta ba ni haƙuri kamar ita ce ta yi laifin. Waya suke yi da yamma idan ya tashi daga aiki. Kirsimetin farko bai samu hutu ba.

A ƙarshen 2008 firintarta ta mutu. Ta sayo sabuwa, ta jona, kwamfuta ta ƙi gane ta. Joshuwa ya ce ba matsala ba ce, sabon Kubuntu ya fito, shi kuwa yana gane irin wannan firinta. Ya sa aka kwafa masa faifan, ya ba Bala, wani direban tirela da ke ɗaukar fatu daga Challawa zuwa kudu, ya kawo mata har shago.

"Amma fuskar za ta sauya," ya ce mata a waya. "An fito da KDE na huɗu. An ce ya fi na da kyau nesa ba kusa ba."

"Abubuwan da ka jera fa?"

"Takardunki ba za su ɓata ba. Tun farko na ware musu wurinsu daban."

Ba wannan ta tambaya ba, amma ba ta sake tambaya ba. Ta sa faifan a jaka. Makonni tana buga takardun mutane, ta juye a filash, ta tsallaka titi cikin tireloli ta kai wani shago a fitar mata. Malam Isyaku yana kallo. Shi ɗan asalin Sharaɗa ne, gonar kakansa ma tana cikin inda aka gina kamfanoni, kuma ba mutum ne mai shiga sha'anin wani ba. Amma rannan ya ajiye tabaron waldarsa ya ce, "Maman Rut, ba an aiko miki da maganin abin nan ba? Wannan tsallaka titi da kike yi ba na jin daɗinsa."

Ta ce, "Malam, in na sa, rubutunsa zai tafi."

Ya ce, "To ai shi ya aiko. Ranar Asabar da safe zan ja miki wayar wuta daga janaretona, ba zan kunna injin walda ba sai kin gama."

Asabar ɗin na je da takarda, shi ya sa na ga abin da ya faru. Ta sa faifan, ta manna waya a kunne, Joshuwa yana gaya mata inda za ta danna, ana jin ƙarar injuna a bayansa. Suka zo inda ake zaɓar ɓangaren da za a goge da wanda za a bari. Ya sa ta karanta masa abin da ke allon sau biyu, ya ce ta bar babban, ta goge ƙaramin. Tana dannawa layi ya katse. Ta kira, ta sake kira, bai shiga ba. Ta ajiye wayar, ta harɗe hannu tana kallon wani ɗan layi yana cika a hankali. Malam Isyaku yana zaune kan benci a waje, wani ya kawo masa ƙyauren ƙarfe, Malam ya ce masa ya dawo bayan azahar.

Da kwamfutar ta sake tashi, allon ya fito shuɗi mai sheƙi, ƙasansa baƙi. Duwatsun Pankshin babu su. A gefe guda akwai wani ɗan akwati mai kama da gilashi, a cikinsa aka tara alamomin a cunkushe, wasu sunayen an yanke su rabi, wasu ko an danna ba sa buɗewa. Ta daɗe tana lalube kafin ta gano inda ake rubutu. Ta buga takardata, ta aika, sabuwar firinta ta yi ɗan tari ta fitar da ita tsaf. Malam Isyaku ya ce, "Alhamdu lillahi." Ta miƙo mini takardar, ta ce tana zuwa, ta zagaya bayan kwantena. Mun jima ba ta fito ba.

Da yamma Joshuwa ya kira da murnarsa. "Yaya? Ya yi kyau ko?"

"Firinta ta yi," in ji ta.

Ta gaya mini daga baya cewa nan take ya gane. Ya ce, "Zan zo na mayar miki da komai." Ta ce, "Yaushe, Baban Rut?" Sai ya tambayi makarantar yarinya.

Aiki ba ya jira, sai ta koyi sabuwar fuskar. Ta gano yadda ake jan akwatin a faɗaɗa shi, ta gano inda aka mayar da waƙoƙi, ta saba da sabon jerin manhajojin. Hoton duwatsun ma ta same shi a cikin wata folda, amma ba ta mayar ba. Na tambaye ta dalili, ta ce Joshuwa ne ya sa da hannunsa, in za a sake sawa shi zai sa.

Sai Ista ta 2009 Joshuwa ya samu zuwa. Ya rame, ya yi duhu. Washegarin isowarsa ya biyo ta shago, ya zauna a kujerarta ya kama mawus. Ya yi ta yawo da shi yana neman inda ake sauya hoton allo, ya kasa samu. Ashe a Fatakwal ba shi da kwamfuta, a kafe kawai yake karanta labarin sabon KDE, bai taɓa zama gabansa ba. Ta sunkuyo ta kafaɗarsa, ta ɗora hannunta a kan nasa, ta nuna masa.

Ya ce, "Tsohon faifan yana gida. In kina so, yau ɗin nan sai na mayar da na da."

Ta ce, "Bar shi. Matsa dai ka zauna a nan, ina da takardun mutane."

Haka ya wuni kan benci a gefenta, yana jera mata takardu, yana buga musu ƙusar haɗa takardu, suna hira da Malam Isyaku a kan kamfanonin da aka rufe da waɗanda aka ce za a buɗe. Ya yi mata maganar ta tattara su koma Fatakwal. Ta ce Rut tana gab da jarrabawa, kuma shi ɗaki ɗaya yake kwana da wasu mutum biyu, ina za su zauna? Bayan 'yan kwanaki ta raka shi tasha a Sabon Gari, ta dawo ta buɗe shago da rana.

A ƙarshen shekarar aka sauya mini wurin aiki zuwa Kaduna. Na je yi mata sallama, na tarar tana buga wa wani takardar neman aiki. Ta yi mini fatan alheri, har na juya sai ta kira ni. Ta ce kafin na tafi, ko zan tambayar mata a kamfaninmu in suna neman mai gyaran wuta, wanda ya san manyan injuna. Na ce zan tambaya. Na kuwa tambaya a ranar, manaja ya ce su ma rage mutane za su yi bayan sabuwar shekara.