Jinin Karnukan Yaya Likita

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, babbar 'yarki ta kira ni ina tsaye gaban firiza a ɗakin gwaji, ta ce, "Anti, Mama ta cika." Na rufe firizar, na cire safar hannu, na zauna a kujerar nan taki mai karyayyen hannu da kika hana a canja. Na yi kuka, Yaya, ba zan ɓoye ba. Amma a ƙarƙashin kukan akwai wani sanyi da na ji a raina, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Saboda wanda bai san ki ba, likitar dabbobi ce ke, ni kuma na yi shekaru ina aiki a ƙarƙashinki har na daina ce miki Likita na koma Yaya. Aikin rayuwarki shi ne ƙwayoyin cutar da kaska ke zuba wa karnukan gida a jini. Dangi ba su taɓa daina tsokanarki ba. Duk inda aka haɗu sai an sami mai cewa, yanzu duk karatun nan a kunnen kare zai ƙare? Sai ki yi dariya ki ce ai can kaskar take ɓuya. Ɗalibai kuwa Mama Kaska suke kiran ki a bayan ido. Kin sani sarai, har wata rana kika amsa waya da sunan, mai kiran ya rasa inda zai sa kansa.

Ke kika koya mana cewa madubin likita yana iya nuna ƙwayar cuta a jini amma ya kasa faɗin wace iri ce, wani lokaci ma ba ya ganin ta sam. Sai an ciro ƙwayar gadonta, an sa a na'urar da ke ninka ta har ta yi yawan da za a karanta, sannan a san da wa ake faɗa. Ban manta da bakaniken nan na bayan asibitinmu ba, wanda ya sungumo karensa a kafaɗa, dasashi fari fat, fitsari ja. Yana huci yana rantsuwa maƙwabcinsa ne ya ba shi guba, har ya aika masa da baƙar magana. Madubi bai nuna komai ba. Kika zaunar da shi, kika buɗe tsakanin yatsun karen kika nuna masa kaska a jere sun sha sun ƙoshi, kika ce ya riƙe bakinsa har gwaji ya fito. Da ya fito, ba magani kawai kika ba shi ba, sai da kika sa ya je ya ba maƙwabcin haƙuri kafin ki sallami karen.

Mutuniyar kirki ce ke, amma a kan abu ɗaya ba ki da sauƙi. Ɗakin gwajinmu kashi biyu ne. A ɗakin gaba ake buɗe jini a haɗa sinadarai, a ɗakin baya kuma na'ura ke ninka ƙwayar gado har ta cika kwalba. Dokarki ita ce duk wanda ya taka ɗakin baya ba zai koma na gaba ba sai washegari, da wata farar riga. Dalili kuwa, abin da ya manne a hannun riga, wanda ido ba ya gani, ya isa ya faɗa cikin jinin lafiyayyen kare ya sa a ce yana da cuta. Shi ya sa a kowane gwaji ake sa kwalba ɗaya ta ruwa zalla. In ruwa ya nuna cuta, to aikin ranar ya lalace. Na ga ranar da kika tare shugaban sashenmu a bakin ƙofar, kika ce masa, "Ranka ya daɗe, yau dai sai haƙuri." Ya juya yana ƙunƙuni.

A shekarun nan na ƙarshe kika fara lura da wasu karnuka da ake yi wa allurar da aka saba amma ba sa tashi. Da muka karanta ƙwayoyin gadon, sai ga shi ba iri ɗaya ba ce ke yawo a unguwanninmu kamar yadda ake zato. Akwai wata daban, wadda allurar nan ba ta cika kama ta ba. Mun same ta a karnuka da yawa. Kin yi murna ƙwarai, domin kin san in aka tabbatar, likitoci za su daina ɓata kwanaki a kan maganin da ba zai yi ba.

Sai ranar tabarau ta zo. Muna ɗakin baya, kika laluba aljihu ba ki ji tabaranki ba, kika fita. Ba mu kawo komai a ranmu ba sai da muka hango ki ta gilashi a tsakiyar ɗakin gaba, da rigar ɗakin baya a jikinki, tabarau a hannu, kina kallon rigar kamar ta wani ce. Washegari aka yi gwaji, kwalbar ruwa ta nuna cutar nan sabuwa. Ba a jima ba likitoci suka gano ƙari a ƙwaƙwalwarki, suka ce ya daɗe yana taɓa miki tunani.

Ciwon bai karya ki ba, Yaya. Tambaya ɗaya ce ta karya ki: in kin manta yau, wa ya ce ba ki taɓa mantawa ba a baya, ranar da babu mai kallo? Wataƙila cutar da kika ce kin gano a karnukan mutane a hannun rigarki take yawo tun farko. Mun yi ta ba ki baki. Mun ce sauran kwalaben ruwan duk sun fito lafiya, kika ce ke ce mai duba su, kuma yanzu ba ki yarda da idonki ba. Kika hana a fitar da sakamakon, kika ce ba za ki bar wa mutane ƙarya da sunanki a kai ba. Maigidanki ya gaya mini ko abinci aka kawo miki sai ki tsaya kina lissafin ranakun da kika shiga ɗakin ke kaɗai. Jikoki na wasa a gabanki amma hankalinki na wurin aiki.

Hanya ɗaya ta rage, a sake komai daga tushe, ba tare da hannunki a ciki ba. Muka kwashe ɗakin gaba kaf, muka wanke shi har silin, muka zubar da tsofaffin sinadarai muka buɗe sababbi. Tsohon jinin ma kin ce ba ki amince da shi ba, don haka sai an koma wurin karnukan. Nan na ji tsoro, domin wa zai bar aikinsa ya kawo kare don binciken da ba nasa ba? Ashe ban san ki ba. Da labari ya bazu cewa Likita ba lafiya kuma tana neman jinin karnuka, harabar asibiti ta cika da haushi. Bakanike ya zo da karensa, ya kuma jawo na maƙwabcin nan da suka yi rigima. Wata tsohuwar malamar makaranta ta zo da igiya kawai a hannu, ta ce nata ya mutu amma ta san gidan da 'ya'yansa suke, ta kai mu har ƙofa. Muna aiki muna kallon waya, domin jikinki yana ta yin ƙasa, kuma ba mu san wanda zai riga wani ba tsakanin sakamakon da ajali.

Allah da ikonsa, sakamakon ya riga. Da la'asar na iso gidanki, na tarar an jingina ki da matasai kusa da taga. Ban ko gama sallama ba kika ce, "Ruwan fa?"

Na ce, "Fes, Yaya. Babu komai a ciki."

"Karnukan?"

"Tana nan. A wasu ba mu same ta ba, waɗanda suka warke. Amma a sauran ita ce, irin da kika faɗa."

Kika lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke ki. Sannan kika sauke wani dogon numfashi, kika ce, "Alhamdu lillahi. To ku fitar da shi." Kika juya wajen autarki kika ce yunwa kike ji.

Mako ɗaya da 'yan kwanaki kika ƙara a duniya. A wurin zaman makoki maigidanki ya kira ni gefe. Mutum ne da bai taɓa son kare ba, kuma ya sha yi mini ƙorafin yadda aiki ke cinye masa mata. Ya ce tun daga la'asar ɗin nan ba ki sake ambaton ɗakin gwaji ba ko sau ɗaya. Kin yi wa jikoki tatsuniya, kin nemi gafarar kowa, kin tsokane shi a kan minsharinsa, kin yi sallolinki a natse. Ya ce, "Ƙanwata, wata da watanni muna jinyar jikinta, ita tana can wurinku. Kun dawo mana da ita kafin a karɓe ta."

Ya Allah, ga baiwarka nan da ta ji tsoron barin ƙarya a bayanta fiye da yadda ta ji tsoron mutuwa. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka haskaka kabarinta, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Ka sa tausayin da ta nuna wa dabbobin da ba su da bakin godiya ya yi mata nauyi a mizani. Ga maigidanta, da babbar 'yarta, da auta, da jikoki da dukkan dangi, ina miƙa ta'aziyyata da ta abokan aikinta. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa hutun da ta fara a gabanku ya zama shi ne ta ci gaba da shi har Aljanna. Amin.