Gemun da Ke Shan Magani

A ƙofar wata masaƙa a Bompai akwai wani dattijo mai gadi da Habiba ba ta san sunansa ba. Kullum in ta taso daga kamfanin magunguna, inda take ɗura garin maganin fuka a kafso, nan take jiran bas tana kallonsa. Dogo ne, da tsohuwar kwat a kan jamfa, ƙirjinsa na kuka kamar ƙyauren langa-langa. Daga naɗin rawaninsa ta ɗauka mutumin Damagaram ne, wataƙila ƙurar auduga ce ta koro shi daga ciki zuwa bakin ƙofa.

Yau ma ga shi ya zaro 'yar robarsa ta shaƙar maganin fuka daga aljihu. Ya sa kafso, ya huda, ya karanta addu'a a nitse, sannan ya tofa a ciki da ƙarfi, yadda ake yi wa ruwan sha na majinyaci. Garin ya tashi fari fat, ya sauka a gemunsa. Sai ya kafa baki ya zuƙi iska zalla, ya yi hamdala, tari ya turnuƙe shi.

Habiba ta kasa daurewa, ta rusuna ta gaishe shi.

"Baba, da kun riƙa yin tofin kafin ku sa maganin."

Ya dube ta cikin tausayi. "'Yata, in yi wa roba addu'a? Ita cikina za ta shiga?"

Bas ta iso. Ta tagar mota Habiba ta hango shi yana haki, yana shafa gemun da duk Bompai babu mai lafiyarsa.