Ranar da Na Jefa Kanwa a Miyar Kori

Ni dai a gidanmu na unguwar Limanti, inda na tashi, ba a kiran abu miya sai ya ci rabin yini a kan wuta. Haka na gani wajen mahaifiyata, haka na kai gidan miji. Tun da hantsi nake hura gawayi, in ɗora nama, in daka daddawa, in jefa kanwa, sai azahar ta matso sannan in kaɗa kuka ko in zuba yakuwa, burabusko na turara a gefe. Boko ban yi nisa ba, aji huɗu na tsaya, amma a gaban murhu ban taɓa jin tsoron kowa ba.

Sai wata shekara Alhaji, maigidana, ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa na huluna a kasuwa. Aka ce hawan jini ne. Ranar da za a sallame mu daga asibiti likita ta ja ni gefe ta lissafa mini: gishiri a rage sosai, dunƙulen ɗanɗanon miya a bar shi, manja da man shanu sai ɗan ɗigo. Na ce to. Amma a raina cewa nake, to me ya rage a tukunyar?

Na bi doka kuwa. Miyar kuka ba dunƙule, gishiri ɗan yatsa biyu, ni kaina in na ɗanɗana sai in ji kamar ruwan wanke ludayi. Alhaji ba mai faɗa ba ne. Zai dawo bayan azahar kamar yadda ya saba, ya yi loma uku, ya ce alhamdulillahi, ya ture kwano. Zoben azurfar da ke yatsansa tun kafin aurenmu ya fara zamewa, har ya mayar da shi yatsan tsakiya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da na zo wanki, na zaro takarda jiƙe da mai da yaji daga aljihun babbar rigarsa. Tsire yake ci a kasuwa a ɓoye, da duk gishirin da aka hana. Ban yi masa magana ba. Na san in abincin gida bai ja shi ba, na waje zai sake kayar mini da shi.

A bakin layinmu akwai wata mai shagon kayan ƙamshin girki, Ibo ce, amma a unguwar Moduganari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa daɗi, Barbarci ma tana taɓawa. Madam muke ce mata, ita kuma ta ce mini Hajja. Na je sayen citta, muka yi wushe wushe, gaisuwar Barebari, ta kalle ni ta ce fuskata ba ta yau da kullum ba ce. Ni da baki ba ya rufuwa, na zazzage mata komai, har da takardar tsiren.

Ta ce nata mijin ma haka aka yi da shi, miyar kori ce ta cece su. Ta ƙulla mini garin kori, rawaya shar, ta nuna mini cewa wannan ba a haɗa shi da gishiri ba. Ta ce in yanka albasa da yawa in soya a man gyaɗa cokali biyu, in zuba tafarnuwa da ɗanyen citta, sannan garin korin ya ɗan soyu a man kafin ruwa ya taɓa shi. Sai tsokar kaza ƙanana-ƙanana, dankalin turawa, karas, koren tattasai daga ƙarshe. Dankali biyu a murƙushe su da bayan ludayi, su ne kaurin miyar. Ta ce in ɗora shinkafa tare da ita, kafin shinkafa ta tsotse miya ta gama.

Na yi dariya na ce, "Madam, wannan ai shayi kike koya mini, ba miya ba."

Ta ce, "Ke dai Hajja, yi yadda na ce. Kada ki ƙara komai naki."

Washegari na yi. Har zuwa zuba ruwa ban kuskure ko ɗaya ba. Ƙamshi ya tashi ya danne turaren wutar da na sa a ɗaki, miya ta yi rawaya gwanin kyau. Sai na taɓa kazar na ji da sauran tauri, ta gida ce. Wallahi ban yi shawara da zuciyata ba. Hannuna ne ya tafi gwangwanin da ke gefen murhu, inda ya saba zuwa shekara talatin, ya gutsuro kanwa ya jefa. Na rufe tukunya na tafi duba shinkafa.

Da na dawo na buɗe, sai da na ja baya. Miyar da na bari rawaya ta koma ja wur, ja mai duhu kamar an yanka wani abu a ciki. Na ɗanɗana, sai ɗanɗanon sabulu. Na yi ta'awizi, na leƙa ko wani abu ya faɗa daga rufi. Ga shi ladan ya fara kiran azahar, Alhaji kuma da an idar yake kamo hanya.

Tsumma na sa na ɗauki tukunyar da zafinta, na zura hijabi a kai, na bi layi ina tafe tururi na fita ta wuyana. Mata biyu suka gaishe ni, na amsa ban tsaya ba, abin da ban taɓa yi ba. Na dire wa Madam tukunyar a kan benci na ce garin da ta ba ni ya lalace.

Ta leƙa, ta dube ni, ta ce, "Hajja, me kika ƙara?"

Na rantse ban ƙara komai ba. Sai can na ce, in ba 'yar kanwa ba, ita kuwa ai ba ƙari ba ce.

Dariya ta yi har ta dafa buhun shinkafa. Ta ce kurkum ɗin da ke cikin kori ba ya shiri da kanwa, da sun haɗu sai ya yi ja. Ta yanka lemon tsami ta matse a ciki, tana juyawa, a kan idona jan ya rinƙa washewa, rawaya na dawowa. Ni dai na saki baki. Sannan ta daina dariya ta ce kanwa ma ai 'yar'uwar gishiri ce, mai hawan jini ba ya son ta. Sai na tuna duk makonnin nan ina rage gishiri, amma kullum sai na jefa masa kanwa. Likita ba ta ambace ta ba, ni kuma ban taɓa lissafa ta cikin abin da ake zubawa ba.

Na ce to yau kam Alhaji sai tsire, lokaci ya ƙure. Madam ta ja ƙofar shagonta ta ce in ɗauko tukunyar mu je. Da shigarmu gida ta ɗauke gwangwanin kanwar ta riƙe a hammata, ta tsaya a kaina. Sauran tsokar ƙirjin kaza ta sa na yanka siri-siri, dankali kamar ƙwayar gyaɗa. Ita ba ta taɓa ludayi ba, baki kawai take sawa. Duk sanda na ce a bari ta ƙara nuna, sai ta ce sauke, Hajja, karas ɗin ba laifi ya yi miki ba. Da na sauke ta sa na matse rabin lemon tsami, ta ce tsamin ne zai sa harshe ya manta da gishiri. Tana fita da tukunyar farko, wadda muka ce mu za mu ci, Alhaji na sallama.

Na shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiya, na ajiye, na koma bakin ƙofar kicin ina leƙe. Ya daɗe yana kallon kwanon. Ya tambaya ko baƙi muka yi. Na ce babu. Ya yi loma ɗaya, biyu, uku, ina ƙirgawa. Ya yi ta huɗu. Bai ture ba. Sai da ya ga ƙasan kwano, ya sa yatsa ya suɗe gefe.

Ya ce, "Hajja, wannan likita ta yarda da ita?"

Na ce ta yarda.

Ya ce, "To akwai saura?"

Tun daga ranar nake yin ta sau uku ko huɗu a mako, wani lokaci da kifi, wani lokaci da wake da alayyafo, ranar da babu nama da dafaffen ƙwai. Tsamiya ma na gwada maimakon lemo, ta karɓa. Da muka koma asibiti na faɗa wa likita zancen kanwa, ta ce gara da na bari. Miyar kuka ban rabu da ita ba, na koyi yin ta da citta da kifi banda, amma gwangwanin yana can saman kanta, inda sai na taka kujera.

Aljihun Alhaji har yau ina lalubawa ranar wanki, ba zan ɓoye ba. Goro nake samu da allurar ɗinkin hula. Zoben kuwa, wata safiya yana alwala na ga ya koma yatsansa na da. Na je na yanka albasa.