Mai Koyo Ido a Rufe

A ajin koyon kwamfuta na ranar Asabar akwai wani dattijo a kujerar ƙarshe, wanda malamar ba ta taɓa gani ba. Rigarsa ta sha guga, amma maɓallanta a karkace suke. Tabaraunsa kauri kamar gindin kwalba. Ya ture maus, abin jan kibiyar allo, gefe, ya ƙara girman rubutun baƙin allon da ake buga wa kwamfuta umarni a kai, har kalma uku ke cika layi.

Yatsunsa ba na ɗan koyo ba ne, ba sa laluben harafi. Malamar na zaton ya daɗe a wani ofis yana buga takardu, har ranar da ya daina ganin 'yar kibiyar da ke yawo a allo.

Yana buga umarnin cd ya shiga folda, ma'ajiyar fayiloli, yana buga ls don ta jero abin da ke ciki, ya kai hancinsa dab da allo yana karanta sunayen fayiloli, leɓensa na motsi. Sai ya jingina, ya rufe ido, ya sake daga farko. Ya kuskure harafi ɗaya, kwamfuta ta ce babu wannan folda. Bai sani ba, yana ta bugawa.

"Baba, buɗe ido mana ka ga abin da ta ce."

"Karanta min, 'yata. Likita ya ce kafin baɗi ko wannan ba zan gani ba, kuma yarana ba su gama makaranta ba."

Ta karanta masa. Ya gyara harafin, bai buɗe idon ba.