Kwanakin da Ta Rufe Ƙofa

A Kona na girma, tun Nasara bai iso ƙasarmu ba. Bayan girbi, in an ci tuwon magariba, kakarmu Iya Dela takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta mu kewaye ta. Tsohuwa ce mai faɗa, ga tsokana, ni kuwa kishiya take ce mini saboda na fi ta son goro. Amma akwai labari ɗaya da ba ta wasa a cikinsa. In za ta ba da shi sai ta kori maza, ta ce, "Ku tahi, wagga ta mata ce."

Wai an yi wata mata a wajen Mayahi, mijinta na ƙaunarta, shekara bakwai ba ta ko yi ɓari ba. Mace ce mai tsabta har ta yi yawa. Kowane wata, kwana kaɗan bayan ta yi wankan al'ada, sai ta ga wani farin ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa. Ta ɗauka ciwon sanyi ne. Kunya ta hana ta faɗa wa kowa. Sai ta rufe ƙofa ta ce wa miji ba ta da lafiya, ta yi ta shan citta da kanwa har abin ya ɗauke, sannan ta buɗe masa.

Wata rana wata ungozoma ta sauka gidansu. Ta taɓa mararta ta ji ko da sanyi, ta tambaye ta jinin baƙi ne mai gudaji ko ja, kwana nawa yake yi. Duk lafiya lau. Da ta matsa mata, sai matar ta sunkuyar da kai ta faɗi ciwonta.

Nan Iya kan rage murya, mu matso har gwiwoyinmu su ji wuta, ta faɗi amsar ungozomar. "Ɗiyata, ba ciwo ba ne. Damina ce ta jikinki. Shekara bakwai ruwa na sauka kina hana shibka."

Matar ta yi murna har da kuka. Mijin yana kan hanyar Damargu da ayari, ta shiga ƙirga kwana tana ƙulla zare, ƙulli ɗaya kowace safiya. Da ayarin ya dawo, jakinsa aka kawo mata da takalmansa. 'Yan hari sun tare su.

Iya ta ce har yau in wata ya raba, masu zuwa rijiya da asuba suna ganin ƙofar kangon gidan matar a buɗe, suna jin mace na ƙirga kwana. Nan take tsayawa, ba ta rufe labarin kamar sauran. Mukan tafi shimfiɗa riƙe da zanen juna, ni dai tsoro ya hana ni zuwa rijiya ni kaɗai har na yi aure.

A ɗakin miji na gane amfaninsa. Na ga alamar, ban ji kunya ba, na haifi shida. Ranar sunan ta farin na ce a sa mata Dela, don jinin Iya ya ci gaba. Babana ya daɗe yana kallona, sannan ya ce ai Iya ba ita ta haife shi ba, ɗan ƙanenta ne aka ba ta riƙo bayan an kashe mijinta. Ba ta sake aure ba.

Na zauna da jaririyar a cinya. Sau nawa ta ba mu labarin nan, ba wadda ta taɓa tambayarta sunan matar.