Akuyata da Huren Baturiya

Zamanin Turawa, wani Bature ɗan mishan da matarsa sunka zauna bayan dangarmu a Isa. Shi yana wanke ma mutane gyambo, ita tana ɗiga maganin ido. Rijiya ce ta haɗa ni da su.

Tsakiyar bazara ruwa ya ja ƙasa, sai mace ta yi ta jira kafin ta cika tulu. Amma kullum da sassahe ga Bature da guga, namiji da gemunsa, yana ja ma matarsa ruwa. Na ɗauka albasa sunka shuka. Da na leƙa, ashe hure ne! Ba a miya da shi, ba a magani. Wai irin na garinsu ne, kallonsa take in kewar gida ta taso mata.

Rannan akuyata ta keta danga ta cinye shi tas. Baturiya ta yi ta kuka kamar an yi mata rasuwa. Maigidana ya tilasta ni, na je na durƙusa na ce, "Uwargida, a yi haƙuri."

Amma har gobe ina kan bakana: duk ruwan da anka kwashe muna, akuyata kaɗai ta ci amfaninsa.