Na Je Garki Wanke Sunan Baban Ladi

Ni ce Saratu ta Angwan Iya, matar marigayi Baban Ladi. Ban yi boko ba, ni nake faɗa, 'yata Ladi tana rubutawa. Matan zumunta, kun tambayi inda na je ranar Talata da baƙaƙen kaya a jikina. To ga shi.

Keffi, ƙarfe biyar na asuba

Na fita da jakar aikin maigidana. A ciki akwai testa, 'yar na'ura mai fitilu takwas da yake gwada wayar kwamfuta da ita. Tun da aka binne shi ban taɓa jakar ba, sai da Emeka mai shagon kayan kwamfuta ya zo gaisuwa. Ya ce ofishin da marigayi ya ja wa waya a Garki, hawa na biyu ya daina samun intanet, sabon injiniyansu kuma yana cewa tsohon aikin banza ya yi. Mamaci ba shi da baki. Ni ina da shi.

A tasha direba ya ce, "Mama, kawo jakar a sa a but."

Na ce, "Ni ka sa a but in kana so. Ita tana cinyata."

Mararaba, ƙarfe bakwai da rabi

Mun wuce shingen sojoji da Masaka lafiya, a nan cunkoso ya riƙe mu fiye da awa guda. Na dubi hanyar da maigidana ya yi shekaru yana bi safe da yamma, kuka ya ƙwace mini. Matar da ke gefena ta miƙo ƙosai. Na ci biyu, don ba a faɗa da yunwa.

Garki, ƙarfe tara da kwata

Mai gadi ya ce, "Mama, ba a ba da taimako a nan."

"Ɗana, ni na kawo muku taimako. Kira mini injiniya."

Na zauna a bakin get, na ce ba inda za ni. Wajen ƙarfe goma injiniyan ya fito, sa'an Ladi ne. Da na faɗi sunan mijina ya sunkuyar da kai, ya kai ni wani ɗaki mai sanyi. Ga akwatin da suke kira suwic, ƙofofi jere a gabansa, kowace da wayarta. Ya nuna guda, ya ce ita ce ta hawa na biyu, fitilarta ta mutu.

Na zare wayar na ɗaga kanta a haske. Sili takwas masu launi da ke cikinta suna jere daidai, daga fari mai ratsin ruwan lemo har ruwan ƙasa. Na raba testa biyu na ba shi rabi.

"Kai mai ƙafa, hau sama ka soka ɗaya bakin wayar a ciki."

Fitilu suka bi layi, ɗaya har takwas, ba tsallake. Da ya sauko na sa ya gani da idonsa.

Ya ce, "Amma Mama, ai ba ta aiki."

"Baban Ladi yakan ce, in baƙo ya tsaya a waje, kafin ka zagi ƙafarsa duba ko ƙofarka a kulle take. Soka wayar a ƙofar kusa."

Ya soka. Fitila ta kawo kore. Can sama wata ta yi ihu, "Intanet ya dawo!" Ya buɗe kwamfutarsa ya daɗe yana dannawa, sannan ya ce ranar da yake rufe ƙofofin da ba a amfani da su, ya haɗa da wannan.

"Yi haƙuri, Mama."

"Ba a ɗakin nan ka ɓata shi ba. Inda ka faɗi ta farko, can za ka faɗi ta biyu."

Ya tsaya gaban shugabar ofishin da ma'aikata ya ce aikin marigayi lafiya lau yake, kuskuren nasa ne. Yaron kirki ne, na sa masa albarka. Shugabar ta tambayi inda na koya. Na ce a wurin mai aikin. Ban ƙara ba.

Keffi, ƙarfe huɗu na yamma

Na iso gida na rataye jakar a ƙusarta, na yi kukana har na ƙoshi.

Akwai abin da ban faɗa a Garki ba. Shekara ukun ƙarshe idon Baban Ladi ya daina raba kore da ruwan ƙasa. Sai ya auno tsawo ya yanko waya ya kawo gida, ni in jera silin a kan tabarma, shi ya matse kan. Ya roƙe ni kada kowa ya ji, don kada a sallame shi. Ladi ta ajiye biro yanzu tana tambaya ko a rubuta wannan. Rubuta, 'yata. Yanzu wa zai sallame shi?

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Emeka da bai yi shiru ba, da baiwar Allah mai ƙosai wadda ban tambayi sunanta ba.